Farfesar da Ta Bi Sawun Dalma Har Filina

Ranar Talata, tara ga watan Afrilu, da hantsi, ina tsugune a bayan rumfata da girar hagu a ƙone, babban yatsana cikin kofin ruwan sanyi, sai wayata ta yi ƙara. Auta ce, 'yata ta ƙarshe. Ban bar ta ta yi magana ba, na shiga ba ta labarin yadda ubanta ya kusa gasa kansa da kansa. Sai da na kai ƙarshe na lura ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi tsakin da ta saba ba. Ta ce, "Baba, Farfesa ta rasu."

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Na zauna a ƙasa, kofin ya kife, ban ma ƙara jin zafin yatsan ba sai da yamma.

Farfesa, yau da ke nake magana, don haka ki yi haƙuri da rubutuna. Kin san ni da makaranta mun rabu tun ina aji biyu na sakandare, kuma har yau babu wanda ya yi kewar ɗan'uwansa. Masu manyan digiri sun yi rubutu a kanki, na ga wasu, ban gane rabinsu ba. Ni abin da na sani zan faɗa.

Ga wanda bai san mu ba, ni ɗan gwangwan ne. Ina sayen tsoffin ƙarafa, wayar wuta, kan famfo, mataccen batir, injin da ya gaji da duniya, in ware, in auna, in sayar wa masu narkarwa. Ita kuwa marigayiyar ita ce shugabar ɗakin binciken ƙarafa na jami'a, kuma malamar Auta. Aikinta shi ne a kawo mata takobi ko kan mashi na tagulla wanda aka tono daga ƙasa, wanda mai shi ya mutu tun kafin a san kakan kakan kowa, ta faɗi daga wane dutse aka haƙo ƙarfen da aka ƙera shi. Tagulla dai haɗi ce, jan ƙarfe ne da kuza. To ita sai ta nemo wa kowannensu gidan ubansa.

Ranar da Auta ta fara gaya mini wannan ne aikinta, na tambaye ta ko takobin ne ya shigar da ƙara yana neman danginsa. Gidan duk aka yi dariya. Na ji daɗin kaina sosai.

Haɗuwarmu da ke, Farfesa, ni ne sila, ba kuma ta hanyar arziki ba. Auta na shekararta ta farko a ɗakinki sai sakamakonta ya fara lalacewa. Duk abin da ta gwada, sai na'ura ta nuna dalmar da ba ta da dalilin kasancewa a wurin. Ko ruwan da ba a sa masa komai ba ta gwada, sai ga dalma. Wasu a ɗakin suka fara cewa yarinyar ba ta da hannun aikin, a sallame ta ta nemi wani fannin. Ta yi ta kuka a gida tana ɓoyewa, ni kuwa ina cewa ai dama na faɗa, kamfanin wayar wuta na neman irinta, su ko ba komai suna biya.

Ba ki sallame ta ba. Kin ce ba a yanke wa mutum hukunci kafin a san daga ina abu ya fito. Kika ɗauki dalmar da ke ɓata aikin kika gwada ta kamar yadda kike gwada ta takobi, kika ga ba ta kama da ta kowane tsohon rami, ta batirin mota ce. Kika tambayi Auta sana'ar ubanta. Wata safiya ina ciniki da wani mai kura, sai ga wata 'yar ƙaramar mata da tabarau a rataye a wuya tana tsallake tulin ƙarafana, takalminta duk ya yi baƙi. Ta tsaya a gabana, ta dube ni daga hula har silifa.

"Kai ne baban Auta?"

"Ni ne, ranki ya daɗe. In bashi ta ci, ban san ta ba."

"Na zo ganin ramin da ya hana ni barci ne. Na yi yawon ramukan haƙar ma'adinai da yawa, ban taɓa ganin wanda ke sa hula ba."

Daga ranar kike kira na Ramin Dalma, ni kuma nake kiran ki Mai Tsinke, saboda ɗan tsinken da kike huda takubba da shi, sai dai ni a bayan idonki nake yi. Ashe ƙurar filina ce ke bin Auta a mayafi da jakar hannu, don kullum sai ta biyo ta wurina ta gaishe ni kafin ta wuce aiki. Kika sa mata doka, gaisuwar uba sai an tashi daga aiki. Shi ke nan sakamakonta ya gyaru.

Da wani ne, da nan maganar ta ƙare. Amma kin ga yadda muke fasa batir da gatari, muna zubar da ruwansa a ƙasa, muna cin abinci da hannun da ba mu wanke ba. Fuskarki ta canza. Ba ki yi mini wa'azi ba, kin dai ce takubbanki sun riga sun mutu, mu kuwa da sauranmu. Kika matsa sai da aka gwada jinina da na abokan aikina a asibiti, kika nemo mana wanda ya nuna mana yadda ake ajiye batir ba a fasa shi ba. Ciwon kan da na yi shekaru ina ɗora wa uwar yarana, ashe dalma ce. Na nemi gafararta, ta ce sai ta yi shawara.

Ke ce kika zaunar da ni kan wata tsohuwar taya kika bayyana mini aikin da bakin da zan gane. Kin ce a cikin jan ƙarfe akwai 'yar dalma kaɗan da ta biyo shi daga dutse. Ita kuma dalma 'yan'uwa huɗu ce, kamanninsu ɗaya amma wani ya ɗara wani nauyi. A wannan dutsen babban ya fi yawa, a wancan ƙaramin, kowane da irin rabonsa. Wuta ba ta canza wannan rabon. Ko an narkar, an zuba, an ƙera, an yi yaƙi, an binne, yana nan yadda yake. Sai ki huda takobin da ɗan tsinken haƙa, a wurin da ƙota ke rufewa don kada a ɓata masa fuska, ki share koren tsatsan da ke sama, ki ɗebi garin da bai kai abin da ke maƙalewa a farce ba. Na'ura ta auna 'yan'uwan nan, ke kuma ki kwatanta da duwatsun da kuka yi shekaru kuna tarawa daga tsoffin ramuka.

Na ce to ai aikin banza ne ma don sauƙi, me ya sa ake ba ku albashi? Kika yi dariya har tabarau ya faɗi. Kika ce da haka ne, da kin gama tun kina budurwa. Matsalar ita ce kakannina. Tun zamanin da ake ƙera waɗannan makamai akwai 'yan gwangwan. Takobi ya karye, gatari ya dakushe, sai wani mai wayo irina ya bi gida gida ya tattara, ya zuba su tukunya ɗaya. Ƙarfen gabas ya haɗu da na yamma, a fitar da sabon mashi wanda rabon dalmarsa bai yi kama da na kowane dutse a duniya ba. Kin nuna ni da yatsa kin ce, "Shekaru dubbai kuna ɓata mini shaida, yau na kama ɗaya da hannuna." Ban taɓa jin an ɗaukaka sana'ata haka ba. Na koma gida na gaya wa uwar yara cewa mu ma muna cikin tarihi, ta ce a ɓangaren masu laifi.

Daga nan wasanmu ya fara. In na tsinci wani abu mai ban sha'awa a cikin kaya, tsohon makulli, ƙararrawar keke, hannun ƙofa, sai in naɗe shi a leda biyu in ba Auta ta kai miki da saƙo ɗaya: a gano mini gidan ubansa. Kina da aikin da ya fi wannan, amma ba ki taɓa mayar mini da abu ba amsa ba. Wani lokaci ki ce wannan daga masana'anta ya fito jiya jiya, kada in raina miki hankali. Sau da yawa kuma amsar ita ce, "Ban sani ba tukuna." Na yi hulɗa da masu ilimi a rayuwata, galibi in sun zo sayar da tsohuwar mota, ban taɓa ganin wanda ke faɗin bai sani ba da sakin fuska irin naki ba.

Sau ɗaya kika bar ni na ga ɗakin, ta bayan gilashi, don kin ce in na shiga sai an rufe shi wata guda ana wanke shi. Na ga Auta cikin farar riga da hula da safar hannu, har takalminta an sa masa riga. Tana riƙe da wani ɗan kofi da bai kai murfin kwalba ba, tana ɗiga masa ruwa kamar mai ba jariri magani. A kan teburinki kuma na ga tsinken haƙa na farko da kika fara aiki da shi, wanda kika ce daga wurin maigidanki likitan haƙori kika aro, kuma har ya yi ritaya ba ki mayar ba.

A nan na fara ganin takobin da kuke kira Ɗan Gidan Wa. Gajere ne, kore shar, bakinsa ya ci duka. Tun Auta na firamare kika rubuta cewa jan ƙarfensa daga wani rami ne kusa da inda aka tono shi, mutane suka karɓa, aka yi ta koyar da haka. Sai ga Auta da sababbin gwaje-gwaje suna nuna ba haka ba ne, daga wasu duwatsu ne masu nisan gaske, sai an haye ruwa. Ta yi mako tana tsoron nuna miki, ta kasa cin abinci. Da ta nuna, kika sa ta maimaita, ya sake fitowa haka. A babban taron masana da ya biyo baya kika miƙe da kanki kika ce kin yi kuskure, ɗalibarki ta gyara miki, ga ta can a baya, ta tashi a gan ta. Wanda ya ba ni labarin ya ce muryarki har rawa take don murna. Ni a sana'armu, in yaronka ya gano ka yi kuskuren awo, sai ka ce sikelin ne ya lalace.

Abin da ya rage shi ne kuzar takobin. Kin ce ita ce mai wuya, don ramukanta ba su da yawa, kuma ba ta barin sawu a fili kamar jan ƙarfe. Wannan ne aikin digirin Auta na ƙarshe, kuma kuna tsakiyarsa ciwo ya kwantar da ke.

Na je duba ki a asibiti da guzurin barkwanci cike da aljihu. Kin rame, tabarau ya yi miki yawa, amma kin yi dariya a inda ya kamata. Da Auta ta fita nemo ruwa, sai kika ce in matso da kujera.

"Ramin Dalma, barkwancinka na da daɗi, Allah ya sani na ji daɗinsa. Amma ka taɓa lura Auta ba ta taɓa kai ƙarshen magana a gabanka ba?"

Na buɗe baki, kika ɗaga yatsa.

"Ka gani? Ko ni ba ka bari ba. Ranar da za ta tsaya gaban malamai ta kare aikinta, mai yiwuwa ba na nan. Ina so ka zauna a layin gaba. Ka yi shiru har ta gama. In an ce akwai mai tambaya, ka yi mata ɗaya, ta gaske, wadda kake son jin amsarta. Ka ɗauka?"

Na ce na ɗauka, amma in na mutu saboda riƙe magana, alhakina na wuyanki. Kika ce kin yarda.

Na fito daga ɗakin jikina a sanyaye, kuma irina in jikinsa ya yi sanyi sai ya nemi wata wautar. Na ce bari in haɗa miki tambayar da ta fi duk na baya, irin aikin kakannina, ko za ki yi dariya. Na sami wayar wuta, kan famfo, guntun ƙararrawa da dalmar masu gyaran rediyo, na zuba a kasko, na hura gawayi da injin busar gashin uwar yara ba da saninta ba. Niyyata in zuba 'yar wuƙa. Na yi zubin a yashi, sai dai na jiƙa yashin ya yi sharkaf, don a ganina hakan zai fi riƙe siffa. Narkakken ƙarfe na taɓa ruwa ya yi tsalle ya nemi fuskata. Abin da ya rage a yashin ya fito kamar kunnen akuya. Ina cikin jinyar wannan ne wayar Auta ta shigo.

Yanzu bari in ba ki labarin abin da ya faru bayanki, don na san shi za ki fara tambaya.

Auta ta daina zuwa aiki. Farar rigarta na rataye a ƙusa a bayan ƙofa, an wanke an goge, ba ta ko kallon ta. Abokan aikinta sun yi ta kira, ba ta ɗauka. Ran nan da rana muna zaune a falo, ta ce kamfanin wayar wuta sun sake neman ta, kuma za ta karɓa. Ta ce ba za ta iya shiga ɗakin nan ta ga kujerarki ba kowa ba, kuzar ma wataƙila ba mai gano ta har abada. Sannan ta dube ni ta ce, "Ai dama abin da kake so ke nan, Baba."

Farfesa, na lalubi aljihuna kaf, babu barkwanci ko ɗaya. Abin da hannuna ya taɓa shi ne kunnen akuyar nan, don tun ranar nake yawo da shi. Na ajiye shi a kan tebur a gabanta.

"Mene ne wannan kuma?"

"Na Farfesa ne. Ban samu na kai mata ba. A gano mini gidan ubansa."

Ta ɗauka don kawai kada ta yi mini rashin kunya. Ta juya shi, ta kai shi wajen taga, ta kankare gefe da farce. Sai na ga goshinta ya tattare irin yadda naki ke yi.

"Baba, me da me ka zuba a ciki? Wannan ai ba a iya gano shi, ka cakuɗa komai da komai. Dubi ramukan iska, yashin ma jiƙa shi ka yi, ko?"

"Ni dai ba haka ake ba ni amsa ba."

Ta daɗe tana kallon abin. Can ta ce, a hankali, "Ban sani ba tukuna." Sai kuka ya zo mata, wanda tun ranar rasuwar ba ta yi irinsa ba. Na bar ta ta yi. Da ta share ido, ta fara bayyana mini cewa ko cakuɗaɗɗen ƙarfe ba ya rasa abin faɗa, in ka gwada makamai da yawa daga wuri ɗaya za ka ga sun jeru tsakanin duwatsu biyu, ka gane su aka haɗa. Daga nan ta gangara kan kuza, da abin da kuke shirin gwadawa kafin ki kwanta. Barkwanci uku suka taso mini a maƙogwaro, ɗaya ma mai kyau ne ƙwarai, na haɗiye su. Ta yi magana har shayina ya huce. Ashe 'yata haka ta iya magana. Ashe in ta kai ƙarshe, murmushi take yi irin na uwata.

Ban ce mata ta koma ba, ban kuma ce kada ta je kamfani ba. Da safe na ga ƙusar bayan ƙofa ba komai. Ba ta biyo ta filina ba, sai da aka tashi daga aiki ta zo gaishe ni, kamar yadda kika kafa doka.

Allah ya jiƙan ki, Farfesa. Allah ya yafe miki kurakuranki, ke da ba ki jin kunyar faɗin naki a gaban jama'a. Ya haskaka kabarinki, ya sa ciwon da kika sha ya zama kankarar zunubi, ya sa ilimin da kika bari da lafiyar da kika ceto mana su riƙa isa gare ki. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, likita, wanda ya yi haƙurin rashin tsinkensa shekara da shekaru, yanzu kuma Allah ya ɗora masa haƙurin da ya fi wannan nauyi. Ina kuma miƙa ta ga 'ya'yanki da jikokinki da 'yan'uwanki, da ɗalibanki da duk ma'aikatan ɗakin, har da mai gadin da ke hana ni wuce ƙofa bisa umarninki. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya, ya kyautata namu ƙarshen.

Saura alkawarin da ke kaina. An sa ranar da Auta za ta kare aikinta nan da watanni kaɗan. Na riga na ba da ɗinkin riga, girar ma ta fara tsirowa. Shirun nake ta koyo a gida, uwar yara har ta tambaya ko ba ni da lafiya. Tambayar ce ban samu ba tukuna, duk wadda na haɗa sai in ga wutsiyar wasa a jikinta, in jefar. Amma zan zauna a layin gaba, Mai Tsinke, da hannuna a wanke da bakina a rufe, har sai ta kai ƙarshe.